"Engagement" ɗin nan, baiko ne ko ɗaurin aure?

Kwanakin baya kati ya zaga gidajenmu a Nima, cewa za a yi "engagement" na 'yar wani maƙwabcinmu ranar Asabar. Dattawa da dama suka ɗauka baiko ne, suka ce sai ranar ɗaurin aure za su zo. Ashe a ranar aka biya sadaki, liman ya ɗaura, aka raba goro. Kawun amarya da ke Kumasi har yau bai huce ba.

Ba mu ga laifin dattawan ba. A Turancin Ingila, "engagement" alkawari ne kawai. Amma a bakin mutanen Gana, shi ne auren gargajiya ɗungurungum, "wedding" kuma na coci. Yaranmu sun ɗauko kalmar daga makaranta, kowa da abin da yake nufi da ita.

Alhali Hausa ba ta bar mu a duhu ba: akwai gaisuwar iyaye, baiko, sa rana, ɗaurin aure, sannan kai amarya. Baiko ba ya halatta mace ga namiji, kuma ana fasa shi ba tare da saki ba. Aure kuwa da zarar an ɗaura, sai saki ko mutuwa. Ga kuma hukuma: dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako guda. Wanda ya ɗauka baiko aka yi, yaushe zai fara ƙirga kwanakin?