Wasan Sulu da Lema a Teku: Hanyar Lafiya A Bi Ta da Shekara

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin tekun Paje a Zanzibar, ko El Gouna a Masar, ko Tarifa a kudancin Sifaniya, ya ga lemomi masu launi iri-iri sun cika sama, kowace tana jan mutum a kan ɗan allo yana keta ruwa a guje. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka ƙirƙiro irin lemar da ake hura wa iska don kada ta nutse, suka yi mata rajista a 1984. Wasan ya bunƙasa har ya shiga gasar Olamfik ta 2024, aka fafata a tekun Marseille. Sai dai sha'awar da yake bayarwa ta sa mutane da yawa suna raina haɗarinsa.

Abin tsoro na farko ita ce iska. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take jan lema da shi ninkawa huɗu yake yi. Lemar da ke tafiya da kai cikin lumana da hantsi tana iya sunkutarka sama da la'asar. Don haka ake zaɓen girmanta gwargwadon nauyin mutum da ƙarfin iskar ranar. Iskar da ke kaɗawa daga tudu zuwa teku tana tafiya da mutum can tsakiyar ruwa inda ba mai ceto. Wadda ke bugowa kai tsaye daga teku kuwa tana iya maka shi da dutse, ko bango, ko turken wutar lantarki. Wadda ta fi aminci ita ce mai bin gefen gaɓa. Da hadari ya haɗo ko aka ga walƙiya, a sauke lema nan take.

Munanan raunuka sun fi aukuwa a kan tudu, wajen tayar da lema da sauke ta. Igiyoyinta sirara ne, tsawonsu kamar mita 20 zuwa 25, amma in suka miƙe suna yanka nama kamar reza. Kada a kuskura a naɗe su a hannu. Mai kallo ma ya ja da baya, ya janye yara daga tsakanin ɗan wasa da lemarsa, kuma kada ya cafki igiya da sunan taimako. In ɗan wasa ya dafa kansa da tafin hannu, alama ce yana neman wanda ya iya ya tare masa lema ya sauke.

Matakan kuɓuta uku ne. Da farko ka saki sandar tuƙi, ƙarfin lema ya ragu. In bai isa ba, ka tura makullin gaggawa da ke gaban ɗamararka, lema ta faɗi. In har yanzu tana janka, ka kwance igiyar ƙarshe ku rabu gaba ɗaya. Mai firgita yakan ƙanƙame sanda, wanda hakan ƙara wa lema ƙarfi yake yi, shi ya sa ake maimaita matakan nan a kan yashi har hannu ya saba. A duba makullin kafin kowace shiga, domin yashi da gishiri suna toshe shi.

Hular kwano, rigar hana nutsewa da 'yar wuƙar yanke igiya wajibi ne. Kada ka shiga kai kaɗai, kada kuma ka yi nisan da ba za ka iya dawowa da iyo ba.

Ba a koyon wannan wasa ta kallon bidiyo a waya. Ka nemi malami mai shaidar ƙwarewa, irin ta ƙungiyar IKO da aka kafa a 2001, ka bi darasi daki-daki. In ka isa gaɓa zuciyarka ba ta kwanta da iskar ba, naɗe lemarka ka jira gobe.