Ƙwayar Lafinta da Hoton da Ke Jikin Takardarta

Tun da ciniki ya koma cikin waya aka sami wata sabuwar haja da ake tallata wa ma'abota sha'awar furanni, wato ƙwayar irin lafinta, ƙunshe a 'yar takarda wadda aka buga wa hoton wata gona mai launin shunayya, kunya bayan kunya, har iyakar ganin ido. Masu talla sun ce cikin mako guda za ta tsiro, cikin wata uku ta yi fure, ƙamshinta ya kori sauro daga gida, man da za a tatsa kuwa ya fid da mutum daga talauci. Jama'a suka saya, suka shuka, suka yi ta ban ruwa safe da yamma, galibinsu ba su ga ko kore ba. Daga nan fa saɓani ya tashi, waɗansu na cewa irin ne na jabu, waɗansu na cewa ƙasarmu ce ba ta karɓarsa, alhali kuwa mas'alar ta fi haka zurfi, kuma mafarinta yana jikin hoton nan da ya ja hankalin mai saye.

Mafi yawan waɗannan hotuna an ɗauke su ne a lardin Furobans, kudu maso gabashin Faransa, musamman a tudun Valensole, inda 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo a ƙarshen Yuni da farkon Yuli. Abin da mai talla bai faɗa ba, ko don bai sani ba ko don sanin ba zai amfane shi ba, shi ne cewa galibin abin da ke cikin gonakin nan wani tsiro ne da Faransawa ke kira labandan, wanda aka samu daga barbarar jinsi biyu, lafinta ta ainihi mai siririn ganye da 'yar'uwarta mai faffaɗan ganye, kuma wannan tsiro juya ne, ba ya ba da ƙwayar da za ta tsiro, sai dai a yanki reshensa a dasa. Shahararren nau'insa, Grosso, wanda ya ɗauki sunan manomin da ya fito da shi a farkon shekarun 1970, kowane tushe nasa a duniya reshe ne daga reshe, shi ya sa kunyoyin suke zama tsayi ɗaya, launi ɗaya, su buɗe fure a mako ɗaya. Saboda haka mustahili ne ƙwayar da ke cikin takarda ta haifar da gonar da ke jikin takardar, kuma sayar da abu da siffar da ba tasa ba, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanya masa suna, algus ne.

Wannan ba ya nufin shuka ƙwaya aikin banza ne. Bilhasali ma lafinta mafi daraja, wadda masu haɗa turare na birnin Giras a Faransa ke nema, daga ƙwaya ake samunta. Tun 1981 gwamnatin Faransa ta keɓe suna na musamman ga man lafinta na tsaunukan Furobans, da sharaɗin gonar ta kasance a tudun da ya kai mita 800 ko fiye, tsirranta kuma su fito daga ƙwaya. Hikimar haka ita ce kowane tsiro yana zuwa da ɗabi'arsa, wani fari-fari, wani shuɗi sosai, kuma haɗuwar bambancinsu ce ke ba man laushin ƙamshin da labandan, mai yawan kafur, ba ta da shi. Wanda ya shuka ƙwaya, ke nan, ya sa ran ganin tsirrai mabambanta, gajeru, masu jinkirin girma, waɗanda ba sa cika ƙarfinsu sai a shekara ta uku.

To, me ya hana ta tsirowa? Asalin lafinta duwatsun gefen Bahar Rum ne, a Sifen da Faransa da Italiya, inda ƙwaya ke zuba ƙasa a ƙarshen zafi, sanyi mai ƙanƙara yana tafe a bayanta. Da za ta tsiro nan take saboda ɗan yayyafin kaka, da sanyin ya hallaka jaririn tsiron tun bai yi ganye huɗu ba. Sai Allah cikin hikimarsa ya sanya mata wani barci wanda ba ya yankewa sai ta kwana makonni cikin sanyi da danshi. Manomin Kano ko Maraɗi ya fi kowa fahimtar wannan, domin shi ma ba ya fitar da irinsa saboda ruwan farko na Afrilu, ya san sau da yawa yaudara ne, fari na biye da shi, yakan daure har damina ta zauna, ko da maƙwabta na yi masa gorin nawa. Ƙwayar lafinta ma haka take, illa iyaka ita alamar da take jira wucewar sanyi ce. Mai lambun da ya zuba ta a ƙasa mai zafi ya tsaya yana ƙirga kwanaki, yana neman ta amsa kiran da ba ta ji ba ne.

Maganin abin mai sauƙi ne ga wanda wutar lantarki ke yi wa adalci. A shimfiɗa ƙwayar a kan tsumma ko yashi mai ɗan danshi, a sa a leda, a ajiye a firiji, sashen da ake sa kayan miya, inda sanyi ke wajen digiri 4, ban da gidan ƙanƙara, har mako uku zuwa shida. Sanyin hunturunmu, duk da yadda muke kuka da shi, bai kai wannan matsayi ba. Waɗansu ƙwayoyin kan tsiro ko ba a yi haka ba, amma kaɗan ne, kuma a warwatse. Bayan haka sai shuka, kuma a nan ne hannun da ya saba da gero ke yin ɓarna, domin ƙwayar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kusan 1,000 ke cika giram guda, tana kuma bukatar haske kafin ta farka. Ba a binne ta, ana ɗora ta a kan ƙasa mai yashi ne a ɗan danna, a yayyafa ruwa a hankali. Tsirowa takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kuma ta fi son yanayi mai digiri 18 zuwa 21, abin da ke nuna cewa a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar lokacin da ya dace shi ne Nuwamba zuwa Janairu. Mai farawa ya nemi nau'in da aka san yana zuwa daga ƙwaya, kamar Munstead, ko Lady wanda ya sami lambar yabo a Amurka a 1994 saboda yana fure tun shekarar farko.

Amma abin da ya fi kashe lafinta a hannun mutanenmu shi ne kyautatawa. Mun taso a kan cewa tsiro yana son ruwa da taki, kuma wanda ya ga nasa ya yi yaushi sai ya ƙara masa ruwa, alhali ita wannan, a ƙasarta ta asali, a tsakuwa da farar ƙasa take rayuwa, ruwanta yana sauka da sanyi, zafinta kuwa busasshe ne ƙayau. Mu kuma namu yanayin kishiyar wannan ne, ruwa da zafi tare suke zuwa mana, kuma a haɗuwarsu ne fumfuna ke kama saiwa ta ruɓe, ganyen ya yi laushi kamar mai ƙishirwa, mai shi ya ɗauko bokiti ya ƙarasa ta. Watan Agusta ya fi Afrilu haɗari gare ta nesa ba kusa ba. Saboda haka wajibi ne a sa ta a tukunyar ƙasa mai huda a gindi, a cakuɗa ƙasar da yashi mai kauri da tsakuwa, a nisanta ta da kashin shanu da na kaji, a bar ƙasar ta bushe kafin a sake ba ta ruwa, a ba ta rana ta sa'a shida ko fiye, sa'an nan idan damina ta kankama a janye tukunyar zuwa ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Mutanen Jos da Mambila sun fi mu sa'ar sanyi, sai dai ruwansu ya fi namu yawa, don haka su ma rumfar ba ta faɗi a kansu ba.

Akwai wani abu da ya kamata masu bincikenmu su duba. Dangin lafinta sun haura jinsi arba'in, kuma waɗansunsu 'yan Sahara ne: akwai wadda ke fitowa da kanta a duwatsun Azbin na Nijar, da Ahaggar na Aljeriya, da Tibesti na Chadi, da Jabal Marra na Sudan. Ƙamshinsu bai kai na Faransa ba, amma sun san zafi, kuma da a ce sassan nazarin tsirrai na jami'o'inmu sun ba su rabin kulawar da 'yan talla ke ba hoton Valensole, la'alla da yanzu mai sha'awa yana da abin da zai shuka ba tare da firiji ba.

Batun sauro kuwa, tsiro a tukunya ba ya korar sa. Man da aka tatsa ne ke da ɗan tasiri na ɗan lokaci idan an shafa, kuma babu mai hankalin da zai naɗe gidan sauron 'ya'yansa ya dogara da fure a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke yi wa ɓarna irin tamu. Batun arziki ma haka: ana bukatar fure fiye da kilo 100 kafin a sami lita guda ta man lafinta ta ainihi, kuma Bulgeriya, wadda ta zarce Faransa wajen samar da shi, manomanta sun faɗaɗa gonaki har farashi ya karye, waɗansu suka tumɓuke abin da suka dasa. Nijeriya tana da hukumar kula da ingancin irin shuka, da dokar da aka sa wa hannu a 2019, amma takardun nan suna yawo daga waya zuwa waya ba sunan jinsi, ba ranar girbi, ba adireshin wanda za a tuhuma. Kafin hukuma ta waiwayo, mai saye ya tambayi mai talla abu biyu, sunan nau'in da shekarar da aka girbe ƙwayar, idan ya kasa amsawa ya riƙe kuɗinsa.