Likitan da Ya Tsayar da Karkarwa da Wutar Lantarki

 Daga nan Wulari a birnin Maiduguri muke gabatar muku da shirin namu na musamman.

Ku tambayi duk masuncin da ya yi su a Tafkin Chadi, ko masu kawo kifi kasuwar hanyar Baga, za su ba ku labarin minjirya. Kifin nan da in ka taɓa shi yake fizgarka da lantarki har hannu ya sage. To, wajen shekaru 2,000 da suka wuce, wani likitan Rumawa mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa a ɗora wa mai matsanancin ciwon kai wani kifin teku mai irin wannan lantarki. Tun wancan zamanin ɗan Adam yake zargin akwai magani a cikin wannan fizga.

Amma mutumin da ya kawo mu yau shi ne Farfesa Alim-Louis Benabid, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. An haife shi a 1942 a Grenoble ta ƙasar Faransa, mahaifinsa likita ne ɗan Aljeriya. Ya karanta likitanci, ya ƙara da digirin digirgir a kimiyyar fiziks, wato ya san jiki, ya kuma san lantarki.

Ku matso kusa da rediyo, don ga inda labarin ya kama ni. Shekarar 1987 ce. A lokacin, idan karkarwar hannu ta gagari magani, likita kan huda ƙoƙon kai ya ƙone ɗan wuri can tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ana wannan aiki majinyaci idonsa biyu, yana magana, domin ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Kafin a ƙona, sai a zura siririyar waya a ɗan saki lantarki, a tabbatar an sauka inda ake so. Kowa haka yake yi. Shi Benabid sai ya ce bari ya riƙa ƙara saurin bugun lantarkin ya ga abin da zai faru. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Da ya kai wajen bugu 100 a daƙiƙa guda, hannun da ya shekara da shekaru yana rawa ya tsaya cik.

Cik, jama'a!

Kamar yadda shi da kansa ya sha bayarwa, da farko tsoro ya ji, ya ɗauka ya sandarar wa mutumin da hannu ne, har ya ba shi haƙuri. Majinyacin kuwa ya nuna masa daɗi ma ya ji. Benabid ya kashe lantarkin, karkarwa ta dawo. Ya kunna, ta ɗauke. Ba a ƙone komai ba, ba a yanke komai ba. Wallahi duk lokacin da na tuna likita yana ba da haƙuri a daidai lokacin da Allah ya buɗe masa wata babbar ƙofa, sai tsigar jikina ta tashi.

Daga nan shi da abokin aikinsa Pierre Pollak suka fara barin wayar a cikin ƙwaƙwalwa, a bi da ita ta ƙarƙashin fata zuwa ƙirji, inda ake dasa ɗan batir kamar akwatin ashana. A 1993 suka koma wani wuri mafi zurfi domin masu cutar Parkinson, cutar da ta kama zakaran dambe Muhammad Ali. Amurka ta amince da aikin a 1997, Benabid kuma ya karɓi lambar yabo ta Lasker a 2014. A kula, aikin ba ya warkar da cutar. Sauƙi yake kawowa: mutum ya riƙe kofin shayi bai zubar ba, ya ɗaura alwala da kansa, ya ɓalle maɓallin rigarsa.

To mu fa a nan gida? Tiyatar ƙwaƙwalwa ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Marigayi Farfesa Latunde Odeku ya assasa ta a Ibadan a 1962, a Arewa kuma Farfesa Bello Bala Shehu ya kafa cibiyarta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Sai dai dasa wannan na'ura na cin dubban daloli, batirin yana ƙarewa bayan 'yan shekaru a sake tiyata, mai caji kuma sai da wuta. Mu mutanen Maiduguri ba mu manta duhun da muka shiga ba a Janairun 2021, sa'ad da aka tarwatsa turakun wutar hanyar Damaturu.

Abin da ya fi ci mini rai ma bai kai can ba. Baba yana zaune a zaure, hannu na rawa, tafiya ta koma jan ƙafa, fuska ta daina motsi, sai mu ce ai tsufa ne, wani ya ce sammu ne, wani ya ce iska. Shekaru su wuce ba a kai shi asibiti ba. Alhali akwai ƙwayar magani mai suna levodopa da ke sauƙaƙa wa masu Parkinson ƙwarai, kuma yawancinsu ba sa ma buƙatar tiyata. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a hanyar Baga, duk cikin garin nan. Don Allah a kai su likita ya duba. A kai su.

Na so in yi wa ɗalibanmu bayanin shekarun horon da ake yi kafin a zama likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, amma injiniya yana nuna mini agogo. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.