Gubar Kwalba da Gubar Bututu a Kogunan Kano

Duk wanda ya taɓa zama da masunta a gaɓar Tamburawa ko Wudil ya san babu wanda suke ƙyama kamar mai su da guba. Mutum ne zai zo da duku-duku da kwalbar Gamalin, maganin ƙwarin gona, ya tuttule a gurbi, kafin hantsi kifi ya taso yana birkicewa. Sai ya tsince manyan, ya bar ƙananan suna ruɓewa a bakin gaɓa. Mai koma da mai birgi, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, su ne za su yi watanni suna jefawa suna jawo ciyawa.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya ko wutar lantarki, a 2009 kuma ƙasashen duniya suka sanya sinadarin da ke cikin Gamalin a jerin haramtattu. Wannan daidai ne, kuma wanda aka kama a hukunta shi.

To amma, mai karatu, akwai wata gubar da ba a kwalba take zuwa ba. Dagwalon masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa, na rukunin Challawa kuwa ba shi da wata doguwar tafiya, kogin na bayan gidansa. Na Bompai yana shiga rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya zarce madatsar Wasai, inda jama'a ke su suna noman rani. Mafi muni shi ne ruwan jima. Tarkacen nama da gashi idan suna ruɓewa suna cinye iskar da kifi ke shaƙa a ruwa, shi kuwa sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi ba ya ruɓewa; kwanciya yake yi a laka, ya shiga jikin tarwaɗa da karfasa, daga nan ya iso tukunyar miyarmu. Mai kwalba dare ɗaya yake ɓarnarsa ya gudu. Bututu kuwa ba ya hutun Juma'a, kuma kowa ya san ƙofar da ya fito.

Abin takaicin shi ne nan ma akwai doka. Tun 1991 aka wajabta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi, an kafa hukumar NESREA a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da majemu a 2009. Yaya za a yi jami'i ya ƙwace ragar talaka don idonta ya yi ƙanƙanta, alhali yana tsaye a kan magudanar da wari ya hana shi numfashi?

Ba cewa muke a rufe masana'antu ba. Waɗanda suka mutu a Sharaɗa da Bompai sun ishe mu jimami, jima kuma sana'ar Kano ce tun kafin zuwan Turawa. Abin da muke nema shi ne a riƙa auna ruwa a bakin kowane bututu, a buga sakamakon da sunan mai shi, kuma duk ranar da za a fita awon a tafi da sarkin ruwan yankin, domin shi ya san gurbin da kifi ya ƙaurace wa da shekarar da ya ƙaura.