Me Ya Sa Ake Rawar Ɗari a Afirka ta Kudu Lokacin da Turai Ke Gumi?

Masu kallon ƙwallo ba za su manta da gasar cin kofin duniya ta 2010 ba. Watan Yuni ne, manoma a ƙasar Hausa sun duƙufa ga shuka, Turawa na yawo da 'yar shara, amma a filayen wasa na Afirka ta Kudu sai ga 'yan kallo sun duƙunƙune cikin barguna, wasu 'yan wasan har da safar hannu. Ranar 17 ga watan, da Super Eagles suka kara da Girka a Bloemfontein, garin yana tsakiyar hunturu, lokacin da sanyin asuba kan daskarar da ruwa.

Tambayi mutum goma dalilin zafi da sanyi, akasari za su ce maka duniya ce ke matsawa kusa da rana, ta kuma ja da baya. Maganar tana da daɗin ji, sai dai ba ta kai ba. A farkon Janairu ne duniya ta fi kusantar rana, da tazarar kilomita miliyan 147 ko kusa da haka, a farkon Yuli kuma ta yi nisan da ya kai miliyan 152. Ke nan lokacin da hazo ya rufe Kano, ƙanƙara ta lulluɓe Mosko, a sannan ne ake dab da rana. Kuma da nisa ne sanadi, ai da duniya duka ta ji zafi tare, ta ji sanyi tare.

Sirrin yana ga yadda duniya ta karkace. Layin da take juyawa a kansa ba a miƙe yake ba, ya jirkice da digiri 23.4, kuma duk tsawon shekarar da take kewaya rana, wuri guda yake fuskanta, wato wajen tauraron arewa. Saboda haka a Yuni rabin duniya na arewa ne ke sunkuyawa wajen rana, na kudu ya kauce. Bayan wata 6, duniya ta koma ɗaya gefen, sai reshe ya juye da mujiya. Haska tocila a ƙasa kai tsaye, za ka ga haske ya taru wuri guda da ƙarfi. Karkata ta, sai hasken ya bazu ya dushe. Haka zafin rana yake yi wa ƙasa.

Ga kuma tsawon yini. Wajen 21 ga Yuni, rana kan shafe fiye da awa 16 a sararin Landan, alhali a Kef Tawun ba ta cika awa 10. A Tromso ta ƙasar Nowe kuwa, kusan wata 2 take yi ba ta faɗi ba. Musulmi sun fi kowa sanin wannan a jikinsu. A azumin 2016, wanda ya kama a farkon Yuni, mutumin Landan yakan yi awa 18 ko fiye bai sha ruwa ba, na Kano kusan 14, na Kef Tawun bai kai 12 ba. Da yake watan Ramadan na matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, zuwa 2030 azumi zai faɗo a Janairu da Disamba, mutanen kudancin duniya su ɗanɗana doguwar ƙishirwa. Juyin zafi da sanyi tsakanin arewa da kudu ne ya sa mutanen Ostireliya ke cin Kirsimeti a bakin teku, makarantun Afirka ta Kudu kuma ke buɗe sabuwar shekara a Janairu, bayan dogon hutun zafi.

Ƙasar Hausa tana kusa da tsakiyar duniya, Kano na wajen digiri 12 a arewa, shi ya sa bambancin yini bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Amma karkatar ba ta ƙyale ta ba. Duk wanda ya lura da inuwar katangar gidansa da tsakar rana zai ga a Disamba arewa take faɗawa, a Yuni kuma ta koma kudu. Sau 2 a shekara rana ke tsayawa daidai tsakar ka a Kano, a ƙarshen Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. Na farkon ne ke zuwa da zafin bazara mai hana barci a ɗaki, na biyun kuwa gizagizan damina ne ke rufa asiri.

Ita kanta daminar rana take bi. Idan rana ta hauro arewa, iska mai laima daga tekun Atilantika kan biyo sawunta har Damagaram da Agadas. Idan ta gangara kudu, ruwan ya bi ta, busasshiyar iskar Sahara ta maye gurbi. Shi ya sa a Nuwamba, lokacin da manomin Katsina ya kai geronsa rumbu, takwaransa na Zambiya da Malawi yake duban hadari, yana shirin shuka masara.