Lauya Mai Fuska Biyu a Ƙagaggun Labaran Shari'a

Daga cikin rassan ƙagaggun labarai na Amurka akwai wanda ake gina jigonsa a zauren kotu, tauraronsa kuwa lauya ne mai kare wanda ake tuhuma. Perry Mason, wanda Erle Stanley Gardner ya ƙirƙiro a 1933, galibi marasa laifi yake karewa, saboda haka aikinsa da gaskiya ba sa karo.

Michael Connelly ya sauya wannan zubi a littafinsa The Lincoln Lawyer na 2005. Tauraronsa, Mickey Haller, wanda kujerar bayan motarsa ce ofishinsa, ya fi damuwa da ladan aikinsa bisa gaskiyar wanda ya ɗauke shi. Kwatsam sai ya gano cewa attajirin da yake karewa, Louis Roulet, shi ne ya yi kisan da aka ɗaure Jesus Menendez a kansa, alhali Haller ɗin ne ya lallashi Menendez ya amsa laifin.

To, doka ta hana lauya tona asirin wanda yake karewa. In ya faɗa, ya ci amana. In ya yi shiru, marar laifi ya dawwama a kurkuku. Gaba kura, baya sayaki. Armashin labarin ke nan: dokar da aka kafa don tsare adalci, ita ce ta ɗaure wa lauyan baki.