Dandaƙa da lamba: kiwon lafiyar bisashe a Adar

A ƙauyukan Adar kusan kowane gida yana da akuya ko tunkiya. Su ne ajiyar talaka. In hatsi ya ƙare a rumbu, akuya ake kaiwa kasuwar Barmu ko ta Badagishiri a sayo gero. Saboda haka mutuwar bisa ɗaya babbar asara ce.

Likitan dabbobi kuwa yana birni, Tawa ko Keita ko Abalak. Kafin mai akuya ya kai can, ciwo ya ci ƙarfinta. Don rage wannan nisa, a shekarar 2003 aka fara wani tsari a Dakwaro. Ƙungiyar Karkara da likitocin dabbobi na ƙasar Beljiyam suka kama ma gwamnati. Daga baya tsarin ya iso Abalak da wasu sassan jihar Tawa. Likita ɗaya yana buɗe gidan magani. Ƙauyuka da rugage suna zaɓen mutanensu, a koya musu aiki. Su ne mataimakan likita. Suna yin allura, suna ba da maganin tsutsar ciki da na kaska, suna wanke gyambo. Mai bisa yana biyan kuɗin magani da ɗan ladan aiki, ba kuɗin mota.

Cikin aikinsu har da dandaƙa. Garke ba ya bukatar maza da yawa. Bunsuru ɗaya mai kyau ya ishi awaki 25. Sauran in an bar su, sai faɗa da bin mata, ba sa ƙiba. Kuma ƙaramin bunsuru maras kyau yana hawan uwarsa da ƴan uwansa, iri ya lalace. Taure kuwa yana yin nama da kitse, ba shi da wari. Sa dandaƙaƙƙe yana da sauƙin kai wajen noma da jan amalanke. Ragon layya dai ana barinsa yadda yake, don haka masu saye suka fi so.

A da, da dutse ko guduma ake dandaƙa, ko a fiɗe da wuƙa. Jini yana zuba, ƙuda yana bin ciwon, tsutsa ta shiga. Bisa da yawa sun mutu ta haka. Yanzu akwai wani babban awartaki, sunansa Burdizzo. Ba ya yanka fata. Jijiyar da ke kai jini ga ƙwalatai yake matsewa. Ana matse gefe ɗaya, sannan ɗaya gefen, ba a haɗa su a layi guda. Wurin zai kumbura kwana kaɗan. Bayan makonni sai ƙwalatan su motse. Gara a yi wa bisa tun tana ƙarama, da sanyin safiya, lokacin ɗari da ƙuda ba su da yawa. Bisa maras lafiya ba a dandaƙe ta.

Lamba ita ce ta fi kome arha. Kowace shekara gwamnati tana yi wa shanu lambar ciwon huhu, awaki da tumaki kuma lambar annobarsu mai kawo zawo da majina. Wannan kyauta ne. Ana ɗan yanke kunnen akuyar da aka yi wa, don a gane ta. Wasu suna ɓoye bisashensu ranar lamba, wai kada a ƙidaya su. Wannan kuskure ne. Tsofaffi sun san ɓarnar bushiya. Lamba ce ta kashe ta, har a 2011 aka yi shelar babu ita a duniya duka.

Sai maganar kare. Hana karya haihuwa aikin tiyata ne, likita kaɗai ke yin sa. Abin da ya fi gaggawa a ƙauye shi ne allurar haukan kare. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Sannan ya tafi gidan likita ran nan, kada ya jira. In alamar ciwon ta riga ta bayyana, ba ta da magani.